Mushe Alkasum da Ƙumar Dutse

Kowace safiya, kafin a buga ƙarfen lakwal, wato makarantar boko, Mushe Alkasum ("Mushe" ake ce wa malamin lakwal a nan) yakan share ajinsa da kansa, ya jera duwatsunsa bisa tebur: katantanwa da haƙoran kifi da suka zama dutse, waɗanda ya tsinto a ramukan farar ƙasa na Malbaza. Haka ya yi ta yi a wani ƙauye kusa da Dogarawa, har ya ajiye alli bana, 1996.

Wata shekara ya nuna wa ɗalibansa hoton wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu, mai kama da ƙuma, wanda aka samu cikin dutse a ƙasar Rasha. Ya ce masana na zaton jinin wasu ƙadangaru masu tashi yake sha, waɗanda suka ƙare tun kafin zamanin mutane. Yara suka kai labari gida. Washegari sai ga Yari makiyayi da sandarsa.

"Mushe, ƙadangare na tashi? In tatsuniya kake koyarwa, tsohuwata ta fi ka iyawa. Ɗiyana su koma kiwo."

Alkasum ya san in Yari ya janye nasa, sauran makiyaya za su bi, ajin ya watse. Bai janye maganarsa ba, ya dai roƙi a saurara masa zuwa ranar kasuwa. Ya yi ta zagaya gindin itatuwa yana neman jemagen da ya faɗo, har mata a rijiya suka laƙaba masa "Mushe mai mushe". Da ya samu, ya shimfiɗa fiffiken gaban Yari. Ga wani ɗan ƙwaro mai dogayen ƙafafu maƙale a fatar.

"Malam Yari, in na kawo maka kaska, ka gane ta raƙumi da ta kare?"

"Ko da ido guda."

"To dubi ƙafafun wanga, ka dubi na hoto. Wace irin dabba na hoton ke riƙewa?"

Yari ya daɗe yana dubawa. "Ƙadangarenka dai ban gane shi da idona ba. Amma mai wanga ƙwaro na hoto, fiffiken fata gare shi. Bari ɗiyan su zauna."

Kai ne, Mushe, ka yarda a yi maka dariya don kada yaro ɗaya ya bar aji. Kai ne ke cewa "ana zato" inda babu tabbas, ka tsaya daram inda akwai hujja.

Mun gode, Allah ya saka da alheri. Mu da alli ke hannunmu har yanzu, in uba ya zo da musu, kada mu kore shi. Mu fita mu nemo abin da zai gani da idonsa.