Ƙwan Karya a Hammatata

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da direba da likitan dabbobin da nake wanke wa kwalabe. Abin da ya fitar da mu, in na faɗa sai ku ce na taɓu: ƙwan da ke cikin karya muke nema. Wai likita zai jiƙa shi a wani sinadari, ya kama hanyar zama ɗa ba tare da kare ya kusance ta ba. Ni a firamare na tsaya, ban yi musu ba. Abin da na sani, gwamnatin farar hula ta tsuke bakin aljihu, ana ta sallamar leburori, in aikin nan ya mutu ni za a fara kora.

A Boɗinga muka sha kunu da ƙosan da ya ƙanƙance kamar ƙwayar ido, kuɗinsa kuwa ya yi ƙiba. Muna ambaton karya aka dare mana. Wani tela ya ce, "Ku tahi da asirinku! Wane ɗan takara ya aiko ku?"

Sai bayan Shagari, wajen Mandera, wani tsohon mafarauci ya yarda. "Ga ta nan, haihuwa ta hana ta farauta. Amma in ta mutu, likita, kai za ka riƙa koro man zomo." Aka yi mata aiki a gindin tsamiya, aka ciro ƙwan aka sa a kwalba cikin fulas, aka ɗinke, ta farka tana harararmu.

A hanyar komawa, daf da Dingyaɗi, mota ta faɗa rami, fulas ɗin ruwan ɗumi ya tarwatse. Kwalbar dai ta tsira. Likita ya dafe kai, ya ce in ƙwan ya huce ya mutu, ɗumin jiki yake so. Direba ya ce shi da sitiyari yake. Likita ya ce shi zazzaɓi ke damunsa. Duk suka zubo mini ido. Ni da ko inuwar kare ba na so, na cusa kwalbar a hammata na matse. Zufa na zuba, hannu ya sage, direba na tsokana, "Kaza mai kwanci, kada ki motsa!"

Muna isa na goge jikina da ƙasa da sabulu har fata ta yi zafi. Bayan kwanaki likita ya ƙwala mini kira, ya ce in leƙa madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa. Ƙwai ɗaya ya rabu biyu, ya kama hanyar zama ɗa, da idona na gani! Aka tsawaita aikin, kora ta tsallake ni.

Na koyi cewa mai neman tuwon 'ya'yansa ba ya zaɓen abin da zai runguma. Sunan likita za a buga a takardar bincike, na sani. Amma duk mai cewa ƙwan nan ba shi da uba, ya zo ya same ni.