Bencin Gaba Na Masu Laifi Ne

Ɗiyar ƙanena ce, amma ni na raine ta tun da sanƙarau ya kama ta a Banga aka kawo ta Ƙaura neman magani. Ta tashi, alhamdu lillahi, sai dai ciwon bai tafi hannu rabbana ba. Ya ɗauke kunnen hagu, na dama ya bar mata rabi. Likita ya ce abu ɗaya za a yi mata a makaranta, a zaunar da ita gaba inda za ta riƙa ganin bakin malami. Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Bakina ya yi sauri.

Firamaren unguwarmu tana da tsarinta. Bencin gaba na 'yan ƙiriniya ne, don bulalar malam ta kai gare su ba sai ya tashi daga kujera ba. Masu hankali can baya ake tura su, tunda ba su buƙatar tsaro. To, wa ya kai yarinyar da ba ta ji natsuwa? Ba ta surutu, ba ta rama zagi, in aji ya ɗauki karatu baki ɗaya sai ta motsa leɓe. Aka kai ta ƙurya jikin bango, kusa da wata yarinya Kirista, ɗiyar wani bakanike mutumin kudu. Yarinyar nan ce ke zungurar tawa in an kira sunanta, ta ɗora mata yatsa a kan layin da ake karantawa.

Na sami malamin ajin na yi masa bayani. Ya yi ta yabon tarbiyyar gidanmu har na fara jin kunya, sannan ya ce, "Hajiya, ɗiyarki ba ta yi laifin da za a kawo ta gaba ba."

Na wuce wajen hedimasta, wanda aka ce ya je bita Gusau kan yara masu buƙata ta musamman. Ya je kam, ga takardar shaida a bango, ga hular da aka raba musu a kan tebur. Ya ce abin da aka fi ja musu kunne a kai shi ne kada a ware irin waɗannan yara. In ya kawo ta gaba, 'yan aji za su ɗauka ta yi laifi, zuciyarta ta sosu, kuma zuciyar yaro abar kiyayewa ce. Ni da na je neman benci, na dawo gida da lacca.

Sakamakon zangon nan ya fito, ko kare ba zai ci ba. Ubanta ya aiko cewa in karatun bai shiga, a mayar masa da ita, gero ya kusa nuna, ana neman mai korar tsuntsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na roƙe shi zango ɗaya.

Na jawo ta, na sa baki a kunnen dama na ce gobe ta yi laifi. Ta zuba mini ido. Yarinya ba ta san ta inda ake farawa ba, sai da na koya mata, ni da furfurata. Ta gwada waƙa, ta gwada buga benci, amma a ajin da yara suka yi maƙil wa zai ji ta daga ƙurya? Rannan dai ta juya ta gantsara wa maƙwabciyarta mintsini a cinya. Yarinyar mutane ta kurma ihu. Malam ya zane tawa, ya ja kunnenta, kunnen da ya rage ɗin, ya dire ta a bencin gaba. Ranar har tsire na sayo mata. Ba ta ci ba.

Karatu kuwa ya shiga. Tana kallon bakin malam tana rubutu, jarrabawa ta zo ta haye. Ubanta ya yi shiru da maganar tsuntsu.

Bayan hutu na gamu da malam a kasuwa, fuska a sake. Ya ce in gode wa Allah, bulala ɗaya ta buɗe kunnen da asibiti ya gaza. Kuma tunda yarinya ta shiryu, ya mayar mata da mutuncinta, ta koma wurinta na da cikin masu hankali. Ya tsaya yana jiran godiya. Wallahi sai da na riƙe kwandona da hannu biyu.

Na dawo gida na ce mata hanya dai mun san ta, gobe a sake. Ta girgiza kai. Na tuna mata Banga, na tuna mata gona. Ta ce tun ranar mintsinin nan ɗiyar bakaniken ba ta ƙara yi mata magana ba, yanzu jaka ma take ajiyewa a tsakaninsu. Na ce to ai shi ke nan, ba sauran abin da za ta rasa.

Ta ce, "Gwaggo, jiya da malam ya kira sunana, ba ta dube ni ba, amma sai da ta taɓa ni da ƙafa. Ni ba zan ƙara mintsininta ba."

Da safe ta ɗauki jakarta ta tafi bencin baya.