Wasan Keken Bolari da Baƙon da Ya Zo Aunawa

A shekarun da bama-bamai suka yi ta tashi a tashoshin mota, ina riƙe da ɗan shagon kwamfuta a unguwar Bolari, cikin garin Gombe. Aikina buga takardu da koyar da taifin. Kasuwa ta mutu, domin ba mai son daɗewa kusa da tasha. Zaman banza ne ya sa na sauko da wata manhaja ta kyauta da ake haɗa wasannin kwamfuta da ita.

Manhajar ta zo da kayanta a shirye: sojoji, bindigogi, motocin tsere, da bishiyoyin da ban taɓa gani a Gombe ba. Ni kuwa wasan mai keke mai ƙafa uku nake so, ya ɗauki fasinja daga Bolari zuwa Pantami bai faɗa rami ba, bai buge akuya ba. Babu keke a cikinta, babu akuya, sai da na zana su da kaina. Tituna ma na shimfiɗa su yadda na san su, har da ƙofar tasha da layin masu facin taya.

Maƙwabcina a jerin shaguna Ibo ne mai gyaran waya, haifaffen Gombe, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ranar da ya leƙo ya ga allon, dariyarsa ta ɗauke.

"Malam, wannan ai tasharmu ce. Goge ta."

"Oga, wasa ne fa."

"Ni na san wasa ne. Wanda zai zo ya tambaye ka bai sani ba."

Ban goge ba. Na ma ɗora hoton wasan a dandalin sada zumunta, ina alfahari.

Ba a daɗe ba wani mutum ya yi sallama a shagon, da jaka a bayansa. A lokacin jakar baya kaɗai ta isa ta sa mutane su watse. Da kansa ya zuge ta ya nuna mini: kwamfuta ce da caja. Ya ce ɗalibin digiri na biyu ne, yana bincike a kan ko irin waɗannan manhajoji suna buɗe wa mutum basira ko suna ɗaure ta, da yadda za a auna hakan. Hoton da na ɗora ne ya kawo shi. Abin da yake roƙo shi ne ya zauna a bayana ina aiki, ya naɗi abin da ke gudana a allon, ya riƙa yi mini tambaya.

Na amince, domin na ji kunyar korar baƙo. Amma tun daga ranar ban ƙara sakin jiki ba.

Tambayoyinsa duk harshen damo gare su a kunnena. "Me ya sa ka sa ƙofar tasha a nan?" "Wace hanya ce ta fi sauri idan mai keke yana son kauce wa cunkoso?" "Ina shingen bincike? Ban ga ka sa ba." Idan na amsa sai ya gyaɗa kai ya taɓa kwamfutarsa. Maƙwabcina ya ce jami'in tsaro ne a farin kaya. Mai shayin bakin titi ya ce a'a, ɗan leƙen asirin masu tayar da bama-baman ne, taswira yake nema. Ni na rasa wanne ya fi muni.

Na tambaye shi yadda ake auna basira, ko mudu gare ta. Ya yi murmushi ya ce yana duba sau nawa mutum ke gwada sabon abu, da inda yake cijewa, da ko yana mantawa da kansa cikin aikin. Na ce a raina, mutum na huci a ƙeyarka ina za ka manta da kanka?

Sai na fara rage abubuwa. Na cire layin masu faci. Na karkatar da titin Pantami ya bi inda ba ya bi. Na sa fasinja mai buhu, na tuna abin da buhu ke nufi a lokacin, na goge shi. Yana kallo, yana naɗa.

Wata safiya aka sake jin ƙarar bam daga wani gefen gari, gilasan shaguna suka girgiza. Baƙon bai zo ranar ba, bai zo washegari ba, wayarsa a kashe. Maƙwabcina kallona kawai yake yi, kuma na gane kallon.

Maimakon shi, 'yan sintirin unguwa ne suka zo da shugabansu, wani dattijo tsohon direban babbar mota. Ya ce an kawo musu labari akwai taswirar tasha a kwamfutata. Maƙwabcina ya bar wayar da yake gyara ya shigo ya tsaya kusa da ni.

"Baba, tare muka buɗe shagunan nan," in ji shi. "A bari ya nuna muku."

Na kunna wasan. Dattijon ya ce in tashi, ya zauna a kujerata, na nuna masa maɓallan. Ya tuƙa keken ya buge akuya, ya sake ya faɗa rami. Yaransa suka fara ƙunshe dariya, shi bai yi ba. Ya bi titin har ƙarshe, sannan ya juyo.

"Ɗana, wannan titin ba nan ya bi ba. Me ya sa ka karkatar da shi?"

"Tsoro, Baba."

Ya miƙe daga kujerar. Daga bisani ya ce in cire tashar gaba ɗaya a gabansa, kuma idan baƙon ya dawo in aika a kira shi. Na goge ta suna tsaye.

Baƙon ya dawo bayan an kwana biyu, ya rame. Ya ce a unguwar Barunde yake zaune wurin ɗan'uwansa, kuma ɗan'uwan ne ya hana shi fita, ya sa shi ya share duk abin da ya naɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, gaskiya shi ma da ya ji ƙarar nan, ni ne na fara faɗo masa a rai: mutum ya zana tasha dalla-dalla, sannan da aka zo kallo ya fara ɓoye abubuwa.

Kowannenmu ya san abin da ya zargi ɗayan da shi.

Ya ce a bincikensa ya riga ya rubuta cewa manhajar ce ke takura ni, domin abin da nake gogewa ya fi abin da nake ƙirƙira yawa. Na ce akwai gaskiya a ciki, tunda bindiga ta ba ni a shirye, akuya kuwa sai da na sha wuya. Amma yawancin abin da na goge, zamansa a bayana ne ya goge shi. Ya ce ma'auninsa ba shi da gurbin wannan, kuma bai san yadda zai sa shi ba.

Na aika aka kira dattijon. Ya duba katin makarantar baƙon, ya yi masa tambayoyi, ya sallame shi. Baƙon bai sake zuwa ba, ban kuma taɓa ganin abin da ya rubuta ba.

Na ƙarasa wasan da garin da babu shi a duniya, tituna a miƙe, ba sunan unguwa ko ɗaya. Ya yi aiki lafiya, sai dai ban ji daɗinsa ba. Har yau ban san wanda ya kai ƙarata wurin 'yan sintiri ba. Na zargi baƙon, na zargi mai shayi, har wani lokaci nakan ce ko wani ne cikin ɗalibaina na taifin. Da haya ta ƙare na mayar da shagon Pantami, nesa da tasha, na koma buga takardu.