Injin Thaddeus da Itacen Mama Iyatu

Mutanen Orozo suna cewa yayana Thaddeus mutum ne mai haƙuri. Abin da sauƙin faɗa, tunda ba su ne suka yi ta ɗebo masa ruwa daga rafi ba. Ni Lydia, ƙanwarsa da muka fito ciki ɗaya, na san abin da suke kira haƙurin nan. Taurin kai ne tsagwaronsa, sai dai nasa ba ya zuwa da hayaniya.

Tun yana ƙarami ba a ajiye abu mai murfi kusa da shi. Ya kwance tocilar babanmu, ya kwance kwaɗon ƙofar coci, ya kwance rediyon malamin makaranta ya mayar, aka ga ragowar kusoshi a hannunsa, rediyo kuma ba ta sake cewa uffan ba. Da ya gama firamare ya kafa rumfar gyaran keke a bakin hanyar Karshi. Ana nan aka fara ginin Abuja gadan-gadan, manyan motoci suka cika Nyanya, shi ma ya bi ayari ya samu aikin miƙa sifana a garejin wani kamfanin gine-gine. A can ya kwaso mana jidali. Wani Bature makaniki yana da ɗan inji a kan teburinsa, bai fi tafin hannu ba, ba ya shan fetur, ba ya shan gas. A kunna masa kyandir a gindi, sai ya kama juyawa. Baturen ya ce sunansa injin Sitalin. Aiki ya ƙare, ya tattara abinsa ya koma ƙasarsu, ya bar mana yayana da ciwon.

Bayanin injin nan na sha shi har na haddace ba da sona ba.

"Lydia, ki gane," in ji shi, "iska ne kawai a cikin gwangwani a rufe. Ki ba shi zafi a ƙasa, ya kumbura ya tura. Ki ba shi sanyi a sama, ya koma. Tura, koma, tura, koma, wili ya juya, dainamo ya kawo layit. Simpul!"

Na ce, "Yaya, in simpul ne, me ya hana Baturen naka haskaka gidansa da shi?" Ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Da don kansa yake yi, da tuni mun haɗu mun jefa gwangwanayen a masai. Amma don Mama yake yi, shi ya ɗaure mana hannu. Mahaifiyarmu, Mama Iyatu, maginiyar tukwane ce, rabin randunan unguwarmu hannunta ne. Yanar ido ta fara rufe mata gani har ta bar ginin, aka yi juyin duniya ta je asibiti ta ce babu mai kusantar idonta da wuƙa. A shekarun nan kuwa magana ɗaya ce a bakin kowa: ranar da gwamnati ta taso daga Legas ta zauna a Abuja, lantarki zai shiga kowane ɗaki, har akurkin kaji. Wata rana Mama tana ɓarar gyaɗa ta ce, "Ni dai in ga fitilar nan da ba ta hayaƙi a cikin ɗakina, ko sau ɗaya ne, kafin idon ya tafi." Faɗa kawai ta yi irin ta tsofaffi. Thaddeus ya ɗauke ta kamar rantsuwa a gaban bagadi, ya ce ba zai jira gwamnati ba.

Ya kafa rumfa a bayan ɗakin Mama, ya tara tarkace: gwangwanin madarar gari, tsohon tiyub na babur, soson ƙarfe na wanke tukunya, ƙafar keke da dainamonta. Ya liƙe wasu da dalma, ya ɗaure wasu da waya, ya jawo siririyar waya ta taga har tsakiyar ɗakin Mama, ya rataya ƙwan fitilar keke. A saman injin akwai wani kwano da dole ya kasance da ruwan sanyi kullum. Wa zai kawo ruwan? Lydia mana, tunda mijina direba ne ba ya zama, an ɗauka ba ni da aikin yi.

Injin farko ya yi tusa ya tsaya. Na biyu ya juya sau ɗaya, ya yi tunani, ya koma baya. Na uku ya tofa wa Thaddeus ruwan zafi a ƙirji, ya dawo yana murna wai alamar ƙarfi ce.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar itace. A wajenmu itace na mace ne. Ita ke shiga daji ta saro, ta ɗauko a kafaɗa, don mu Gbagyi ba ma ɗora wa kai kaya, nauyin tunani ya ishe shi. Kowace mace da tarinta a bayan ɗaki, a jere kamar katanga, da shi ake gane mai himma da raguwa. Na Mama ya fi na kowa tsawo. Tun shekarar da aka kawo ta gidan ta fara tara shi, ƙirya ce da marke zalla, sun bushe har in ka ƙwanƙwasa sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Ko tsinke ba ta zara don girki. Na ranar mutuwarta ne, a dafa wa masu zuwa makoki abinci da shi, kada a ce Iyatu ta tafi ta bar 'ya'yanta suna roƙon itace a maƙwabta.

Injin yayana ya fara da cinye tarin matarsa Christina, sannan ya waiwayo nawa. Christina ta same ni a hanyar rafi idonta jawur.

"Sista, abeg ki yi magana da burodanki," ta ce. "Na je dafa tuwo ban samu ko kara ba. Inji ya ci, yara bai ci ba. Wane irin aure ne wannan?"

Ga shi daji ya yi nisa, baƙi sun share ko'ina sun kafa filoti. Abin da muke samowa ƙirare ne da ɗanyen reshe, hayaƙi ya fi wuta yawa. Thaddeus ya yi ta zagaya tarin Mama kamar akuya da rumbu, har ran nan ya yi ƙundunbala ya durƙusa gabanta.

"Mama, ƙirya biyu kawai zan ara."

"Ana aron itace?" ta ce. "Da toka za ka biya ni? Jira in mutu tukuna, sai ka ɗiba ka dafa wa injinka abincin makoki."

A watan Disamba na 1991 gwamnati ta taso daga Legas da gaske. Aka yi ta jiniya, rediyo ba ta da wata hira, masu zuwa cikin gari suka dawo suna ba da labarin fitilun titi. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Mu dai ba mu ga komai a ƙasa ba, sai tsadar ɗakin haya da sababbin fuskoki a kasuwa. Idon Mama kuwa kullum baya yake yi, ta kai sai da murya take bambance ni da Christina.

A makon nan injin ya ɗan yi abin kirki. Ƙafar keken ta juya, ta ci gaba da juyawa, tana ƙas-ƙas-ƙas. Thaddeus ya ruga ɗakin Mama, wanda ko da rana tsaka duhu ne, ni ma na ajiye kwaryar ruwa na bi shi. Ƙwan ya yi ɗan ja kamar garwashin da ya kwana. Ya kama kafaɗun Mama ya juya ta.

"Mama, ga shi can! Kin gani?"

Ta ƙura ido, ta ƙura, ta ce, "Ina?"

Kafin ya sake nunawa injin ya yi tari ya mutu. Ya fito tsakar gida ya zauna a kan turmi, ya faɗa da ƙarfi, shi da ba ya ɗaga murya, "Wuta ne bai isa ba! Da na samu itace mai ƙarfi, da ta gani." Ban san Mama na tsaye a bakin ƙofa ba sai da na juya.

Lahadin da ta biyo baya ranar godiyar kaka ce a coci, kuma fastonmu in ya kama wa'azi sai yunwa ta sauke shi. Mama ba ta zuwa, ita tana nan kan hanyar kakanninta, don haka muka bar ta ita kaɗai a gida. Rana ta take muka fito, sai ga hayaƙi ya turnuƙe ta wajen gidanmu. Na cire takalmi na zura da gudu.

Ɗaki bai kama ba, Allah ya tsare. Rumfar inji ce babu ita. A inda take, wuta ce ke ci ganga-ganga, irin wutar da ban sake gani ba tun Mama na gasa tukwane. Tsohuwar nan da ba ta ganin tafin hannunta ta yi ta laluben tarinta tana ɗauka a kafaɗa, fiye da rabi ta kwashe. Ta jera ƙirya ta kewaye injin, ta jingina wasu a jikinsa, ta ɗora wasu a kansa har kan kwanon ruwan sanyin da na ƙare ƙarfina a kai, ta lulluɓe da ciyawa tsaf, ta cinna. Ba a taɓa gasa randa da kyau irin yadda aka gasa injin nan ba. Tana zaune a gefe a kan kujerarta, fuska duk toka, tana jiran yabo.

"Mama, me kika yi?" Ihu nake, ba tambaya ba.

"Na ji ya ce wuta ba ta isa ba," ta ce. "Na laluba na ji ta gindi kaɗai yake hura masa. Wa ya koya masa haka? Abin da ake so ya yi ƙarfi, ta ko'ina ake ba shi wuta."

Takaici ya ishe ni har na rasa wanda zan fara zaga, ita ko shi ko Baturen. Da wutar ta lafa, tiyub ya narke, dalma ta zube, ƙafar keke ta lanƙwashe kamar ganyen da rana ta daka. Aikin shekara da shekaru ya koma baƙin ƙarfe. Na zuba ido in ga yau dai haƙurin Thaddeus ya ƙare. Bai ko dubi injin ba. Bayan ɗakin Mama yake kallo, inda katangar itacenta ta koma ɗan tsibi iya gwiwa.

"Ya yi?" in ji Mama.

Ya ce, "Ya gasu, Mama. Sannu da aiki."

Washegari da sassafe na ga abin da ban taɓa gani ba: namiji magidanci da gatari, ya bi matan unguwa daji. Ya dawo da ƙirya a kafaɗa yana tangaɗi, mazan da ke zaune a gindin mangwaro suka yi ta shewa, wani ya ce a saya masa zane. Ni kaina kunya ta kama ni, na ce, "Yaya, ka bari mu mata mu yi." Ya ce ba mu muka jawo aka ƙona ba. Haka ya yi rani guda, safe daji, yamma gwangwani. Kowane ɗauka kashi biyu yake yi, mai kyau ya jera wa Mama, ragowar na sabon inji. Bai sake taɓa itacen Christina ba, nawa ma haka. Ruwa dai bai yafe mini ba.

Sai da damina ta kankama sabon injin ya tashi. Wannan karon ƙarar ta daidaita, ƙwan ya yi ja, ya yi ɗorawa, ya yi fari har na ga yanar gizo a rufin ɗakin da ban san da ita ba, na ga jerin tsofaffin tukwanen Mama a gindin bango. Christina na waje tana zuba ruwa tana kiran sunan Yesu. Amma mu duka mun sani, tun kafin Ista Mama ta daina bambance rana da dare.

Thaddeus bai ce mata ta duba ba. Ya sassauto wayar ya sa mata ƙwan a tafin hannu. Ta juya shi, ta matse.

"Da ɗumi," ta ce. "Wannan ne abin? Ko kunun jariri ba zai ɗumama ba." Ta saurari ƙas-ƙas ɗin da ke shigowa ta taga, sai ta haɗe rai. "Itacen wa kuke ƙonawa?"

"Nawa ne, Mama. Naki na nan, ya kusa kai yadda yake."

"Naka? Namiji na da itace?"

Ta saki ƙwan ya koma yana lilo a saman kanta. Ta laluba ta kama wuyan rigarsa, ta tura hannu kan kafaɗarsa ta dama, ta ci karo da kantar ɗaukar itace mai kauri, irin wadda ke kafaɗarta, irin wadda ke tawa. Hannunta ya tsaya a nan. Fitilar da aka ƙona rumfa da fiye da rabin itacen makokinta saboda ita tana ci fes, ko juyawa wajenta ba ta yi ba.

"Wa ya koya maka ɗauka?" ta ce. "Ba a nan ake ɗorawa ba, ɗan nan. Ka matsar da shi baya kaɗan, ba zai ci maka ƙashi ba."

Na fita na karɓi kwaryar daga hannun Christina, don in zan yi kuka gara in yi shi ina zuba ruwa.