Harin da ya tsaya a filin koleji

Cikin duk ranakun da na yi ina koyarwa a Filinge, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da insifekta ya zo duba ni. Ku sababbin malamai kun san tsarin: sai ya zauna bayan aji ya kalli darasinka daga farko har ƙarshe, sa'annan ya sa hannu a tabbatar da kai a aiki. In bai sa ba, sai baɗi, in ma ana sonka har baɗin. Shekarata ta uku ke nan ina malamin tarihi na wucin gadi.

Darasin ranar a kan yaƙin basasar Amurka ne, yadda birged ɗin sojan ƙasa ke kai hari. Birged runduna ce babba ƙarƙashin janar ɗaya. Sukan jeru sahu biyu, kafaɗa da kafaɗa, su ratsa fili a ƙafa zuwa wurin abokan gaba da ke ɓoye bayan katanga suna harbi. Ƙa'idar ɗaya ce: in na gabanka ya faɗi, ka tsallake shi ka cike gurbinsa, tafiya ba ta tsayawa.

Ni da rawar kai, na ce allo ba zai isa ba. Na fitar da ajin fili, na raba musu karan hatsi a matsayin bindiga. Goma na sa bayan guntuwar katangar makaranta, sauran na jera su sahu biyu. Janar kuwa na naɗa Ramatu, 'yar Bonkuku, don ko ni ina shakkar muryarta. Na ce duk wanda na taɓa wa kafaɗa, harsashi ya same shi, ya kwanta.

Suka taso gwanin kyau, har na saci kallon insifekta. Na taɓa Idi, ya zube. Sai sahun baya ya tsaya cik, na gaba ma ya juyo.

Na ce, "A cike gurbi!"

Ba wanda ya motsa. Ramatu ta sauke karanta ta ce, "Mushe," haka yaranmu ke kiran malami da Faransanci, "ina anka taɓa tsallake mutum shina kwance? Ko tabarmatai ba a tsallakewa."

Na ce wasa ne. Ta ce ta sani, amma Idin ai na gaske ne. Kafin in sake magana huɗu sun ɗauke shi sun kai inuwar aduwa, wata tana yi masa fifita da littafi. Abokan gaba kuma suka hauro katanga suna "sannu Idi". Shi ko ja'irin ya lumshe ido yana jin daɗi. Na ce a raina aikina ya tafi.

Insifekta, wani dattijo mara yawan magana, ya matso ya tambayi Ramatu, "To su waɗancan sojan Amurka, don mi sunka iya tsallakewa?"

Ta ce, "Halama ba su san uwar wanda ya hwaɗi ba."

Wani daga bayan katanga ya ce, "Sun san ta mana. Mushe ya ce 'yan ƙasa guda na."

Ramatu ta dubi Idi, ta ce a hankali, "Ashe abin ya kai haka."

A ofishin darekta insifekta ya ce mini, "Harinka ya watse tun minti goma, kuma janar ɗinka ta ƙi umurni." Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Amma na daɗe ban ga ajin da ya gane abin da ake nufi da basasa ba sai yau." Ya jawo takardar ya sa hannu.

Abin da na koya shi ne, yaran Kurfai, wato yankin Filinge, ba sa zuwa aji hannu wofi, da tarbiyyar gidansu suke zuwa, kuma wani lokaci ita ce ke koyar da darasin. Na maimaita wannan hari kowace shekara har na yi ritaya. Ban taɓa samun ajin da ya tsallake ba, kuma ban ƙara cewa a cike gurbi ba.