Abin Da Ya Sa Nake Tura Babur Alhali Da Mai A Tanki

Edita, bayan gaisuwa, ni ma'aikaci ne a wani gidan gyaran halin yara da ke nan yankinmu na Gumel, ba sai na faɗi wanne ba. Lokacin da wannan abu ya faru ina matashi mai ji da kansa, kuma abu biyu nake taƙama da su a duniya. Na farko babur ɗina na hannu da na sayo a Maigatari. Salansarsa a fashe take tun kafin ya zo hannuna, na kuma ƙi gyarawa saboda ina son a san na iso. Matata kan ce har in kai tasha tana jin inda nake. Na biyu kuwa satifiket ne.

Wata ƙungiya ce ta shirya bita a birni kan yadda ake kula da yaran da suka ga tashin hankali har firgici ya zauna musu a zuciya. Shugabanmu ya so zuwa da kansa, ciwon ƙafa ya hana shi, sai aka tura ni. Tsakani da Allah an koyar da abin kirki. Matsalar ita ce da rana shinkafa da kaza ake ba mu, ɗakin kuma sanyi ƙalau, don haka duk abin da aka faɗa bayan azahar ni a mafarki na ji shi. Na safe dai na riƙe: kada a daki yaro, kada a yi masa tsawa, a sa shi ya ja numfashi a hankali, a tambaye shi abin da ke ransa. Na dawo da satifiket, na sa shi a firam, na kafa a bango daidai inda mai shigowa ofis ba shi da yadda zai yi ya ƙi gani.

Ba a jima ba aka kawo mana wani yaro Bafulatani daga wata ruga ta wajen Sule Tankarkar, bai wuce shekara goma sha huɗu ba. Laifinsa, ranar kasuwar Maigatari wani ɗan acaba ya murza wuta a kusa da shi, shi kuwa ya ɗaga sanda ya fasa masa fitila, ya kuma ji masa ciwo a hannu. Alƙali ya ce ya zauna wurinmu har kwamitin da ke duba yaran gidan ya zo ya ga halinsa ya gyaru, sannan a miƙa shi ga mahaifinsa. Shugaba ya ce tunda ni ne mai satifiket, yaron nawa ne.

Kullum da safe in na shigo, na murza wuta son raina kafin in kashe, sai in tarar da yaron nan a ƙarƙashin gado yana karkarwa. Wata rana garin gudu ya kifar da tukunyar kokon gidan baki ɗaya. Amma da yamma ba ka da yaro mai natsuwa kamarsa, ga shara, ga ladabi. Na yi dogon nazari na sanar da shugaba cewa na gano ciwon, na safe ne. Sai in zaunar da shi a inuwar darbejiyar da nake ajiye babur, in ce ya ja numfashi, ya dube ni cikin ido. Yaron da aka rena a ruga yaushe zai ɗaga ido ya dubi babba? Kansa a ƙasa zai ce mini lafiya lau, babu komai. Don in ƙarfafa masa guiwa har alkawari na yi masa, in ya shiryu zan goya shi a babur mu zaga gari. Ranar ko abinci bai ci ba.

Mahaifinsa, wani dattijo siriri, yakan zo duba shi. Na lura in ya hau acaba, tun a gindin wata tsamiya can nesa da ƙofarmu yake sauka, ya ƙaraso da ƙafa cikin rana. Na sha yi masa dariya a raina, ina cewa tsohon nan ya iya tsumulmula, ragi yake nema.

Ana cikin haka injin babur ɗina ya buga, ya kwanta wurin bakanike. Na koma hawa adaidaita sahu, ya sauke ni a bakin titi in taka. Abin mamaki, yaro ya warware. Ya daina shiga ƙarƙashin gado, ya yi ƙiba, har dariyarsa muka ji. Ni kuwa na ce ai ga aikin ilimi nan. Na ciro satifiket daga ofis na mai da shi baranda, na kuma shaida wa shugaba ya sa yaron a gaba in kwamiti ya zo, a sallame shi ya yi Sallah a gida.

Jajiberin zuwan kwamiti babur ya tashi. Bakanike ya ce in bari ya ɗinke salansar gaba ɗaya, na ce masa ya tsaya iya abin da aka sa shi. Washegari na ci shadda, na ɗan makara da gangan don in shigo a idon jama'a. Na tarar an jera yara a tsakar gida, 'yan kwamiti suna zaune a rumfa, mahaifin yaron yana gefe da sabuwar rigar da ya kawo wa ɗansa a ninke bisa cinyarsa. Na shigo na murza wuta iya ƙarfin hannuna. Ina kallo fuskar yaron nan ta sauya. Ya bangaje teburin baƙi, lemo ya wanke wa shugaban kwamiti babbar riga, ya kama katangar da muke cewa ko kyanwa ba ta hawa, ya dira waje. A cikin gonar gero aka same shi, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Kwamiti ya ce gudu a gaban idonsu ba alamar shiriya ba ce, sai zama na gaba, bayan kaka.

Da kowa ya watse dattijon ya zo ya durƙusa ya yi mini godiya kan ɗawainiyar da nake yi da ɗansa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A hankali ya gaya mini cewa shekarun baya wasu mutane bisa babura suka afka wa rugarsu suka kore shanu, yayan yaron kuma a gaban ƙanin nasa ya faɗi bai sake tashi ba. Tun daga ranar ƙarar babur a kusa ke fitar da yaron daga hayyacinsa, shi ya sa in ya zo duba shi yake sauka a tsamiya. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun farko. Ya ce ya ji an ce har birni na je na karanto abin, ya ɗauka na sani, kuma da kunya ya dubi mutum ya ce masa abin hawansa ne matsala. Ya mai da rigar cikin jaka ya tafi.

Na buga wa wani da muka yi bitar tare waya na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai wannan shi ne darasin bayan azahar gaba ɗaya: ka fara neman abin da ke tayar wa yaro da firgici, ƙara ce ko wari ko wata fuska, kuma ka fara binciken daga kanka. Na je na faɗa wa kwamiti gaskiya, suka saurare ni, amma hukunci ya riga ya zauna. Yaron nan a wurinmu ya yi Sallah, ni na jawo masa, kuma har yau in na tuna zuciyata takan yi nauyi.

An sallame shi bayan kaka. An gyara salansa tuntuni, amma har gobe a gindin tsamiya nake kashe babur in tura shi zuwa ƙofa, saboda ban san abin da sabon yaro ya gani ba kafin ya zo mana. Mutanen unguwa sun ɗauka talauci ne, akwai ma mai shayin da kullum sai ya jajanta mini tsadar fetur, ban taɓa gyara masa zance ba. Ga 'yan'uwana masu irin aikina, ku je bita, tana da amfani, amma ku rage cin shinkafar rana. In yaro yana firgita duk lokacin da kuka iso, kafin ku sa shi jan numfashi ku fara duba abin da kuka shigo da shi.