Gawar da Ta Manta Ita Ce Darakta

Na san Lyman Tackett tun ranar da ya sauka Burbank, garin 'yan fim, da akwati ɗaya da fararen haƙora, yana cewa shi jarumin finafinan kaboyi zai zama. Ni aikina tura keken kyamara ne, saboda haka duk abin da ya same shi a gabana aka yi.

Fitowarsa ta farko aka harbe shi. Ya faɗi faɗuwa mai kyau, ya kwanta ko gashin idonsa bai motsa ba, har ƙuda ya sauka a hancinsa, ya huta, ya tashi. Shi ke nan ya jawo wa kansa. Duk daraktan da ke neman gawa sai ya ce a kira Lyman. An harbo shi daga kan doki, an jefo shi daga bene, an tsamo shi daga kogi. Mahaifiyarsa a Ohio ta daina kunna talabijin, ta ce ta gaji da zaman makoki.

A wurin aikinmu akwai doka. In darakta ya ce "Akshin", ba mai tsayawa sai shi da bakinsa ya ce "Kat". Ko rufi ne ya kama da wuta, ni turawa zan ci gaba da yi. Lyman ya fi kowa riƙe dokar nan, da ita ya ci abinci har furfura ta fito masa.

Amma ransa na kan kujerar darakta. Ya yi ta naci har Mista Gorham, mai shirin talabijin ɗin da muke yi, ya ba shi kashi ɗaya na shirin ya ɗauka don gwaji. In ya yi kyau kujera tasa ce, in ya ɓata ya koma ƙasa ya kwanta.

Ranar ɗauka, wanda zai fito a mamaci bai zo ba. Mista Gorham ya dubi Lyman ya ce, "Me ake jira? Ga gwani a tsaye."

"Yallaɓai, yau fa ni ne darakta."

"Darakta ba ya mutuwa ne?"

Lyman ya shafa jan fenti a ƙirji, ya kwanta, ya ce "Akshin", ya rufe ido. Maxine, matarsa ta gida, ita ce matar mamacin a shirin. Ta durƙusa, ta yi kukanta, ta faɗi maganarta, ta gama. Muka yi jugum muna jira. Ashe gawa ma jira take, yadda ta saba, wani ya ce "Kat".

Na tura kyamara har na kusa taka masa ƙafa. Fim na ta tafiya a banza, wuyan Mista Gorham ya yi jajir, amma ba wanda ya isa ya buɗe baki. Maxine ta sake kukan daga farko har hawaye suka ƙafe. Sai ta cakumi kwalarsa ta girgiza shi.

"Tashi, mutumin banza! Kullum kana kwance kana jiran a ba ka izini! Wa ka bar wa aikin, ni? Famfon kicin ma yana can yana jiranka!" Ta sunkuya kusa da kunnensa. "Lyman, sakarai, kai ne darakta!"

Sai gawa, ido a rufe, cikin ladabi ta ce, "Kat."

Mista Gorham ya yi dariya har sai da aka miƙa masa ruwa. Da aka kalli abin da muka ɗauka, ya ce bai taɓa ganin matar mamaci mai zafin rai irin wannan ba. A cire zancen famfo da na darakta, a bar sauran. Ya ba Lyman kujerar, da sharaɗin kada ya sake mutuwa a bakin aiki.

Ya daɗe yana darakta, sai dai an san shi da saurin cewa "Kat", wani lokaci tun mutum bai rufe baki ba. Mahaifiyarsa ta koma kallo, ba a jima ba ta bugo waya.

"Ɗan nan, na duba ko'ina ban gan ka ba. Gara lokacin da kake mutuwa, ko ba komai ina ganin fuskarka."